Musulmi A Teburin Da Giya Ke Zagayawa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halatta wa bayinsa daɗaɗan abubuwa, ya haramta musu ƙazantattu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani irin gidan cin abinci a manyan biranen Turai da Amurka da Japan wanda ya sha bamban da otal ɗin da matafiyi ya saba gani. Gidan ƙarami ne, sau da yawa kujerunsa ba su wuce 20 ko 30 ba, kuma ba a faɗa masa haka kawai don yunwa ta kama mutum a hanya. Sai an kama wuri tun da sauran makonni, wani gidan ma watanni. In baƙo ya zo aka zaunar da shi, ba za a miƙo masa takarda a ce ya zaɓi abin da ransa ke so ba. Babban kukun gidan ya riga ya tsara abin da kowa zai ci a wannan dare, kala 8 ko 12 ko fiye, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya, kowace kala loma biyu ce ko uku a tsakiyar wani faffaɗan faranti. Sa'an nan akwai wani ma'aikaci na musamman wanda ba shi da wani aiki sai sanin giyar inabi. Ya san gonar da aka shuka inabin, da shekarar da aka matse shi, da irin gangar da aka tsima shi a ciki. Duk kalar abincin da aka kawo, sai ya biyo bayanta da kwalba dabam, ya zuba a sabon tambulan, ya tsaya ya yi wa mutanen teburin bayanin abin da ya sa wannan giya ta dace da wannan kifi. A haka ake shafe awa uku ko huɗu. A fitattun gidajen birnin Faris mutum guda yakan biya Yuro 300 ko 400 ko fiye, ban da kuɗin giya.

Jera abinci kala bayan kala ba baƙon abu ba ne ga tarihin Musulmi. Masu tarihi suna jingina wa Ziryabu, wanda ya taso daga Bagadaza ya isa Ƙurɗuba ta Andalus a shekarar 822, cewa shi ya koya wa manyan garin fara ci da romo, a biyo da nama, a rufe da kayan zaƙi. A ƙarni na 10 kuma Ibnu Sayyar Alwarraƙ ya tara littafin girki na fadar Abbasiyawa mai ɗauke da nau'in abinci fiye da 600. Faransawa kansu sai a ƙarni na 19 suka bar al'adarsu ta jibge dukan abinci a tebur lokaci guda, suka ɗauki ta Rashawa ta kawowa bi da bi. A 1900 kamfanin tayar mota na Michelin ya fara buga wani ɗan littafi don nuna wa masu mota inda za su kwana da inda za su ci, a 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro, har taurarin nan suka zama abin da kuku ke ƙare rayuwarsa yana nema. Ƙananan farantan da ake gani yau sun yaɗu ne daga shekarun 1970, wasu kuma suka kai abin maƙura, kamar gidan El Bulli na ƙasar Sifen, wanda kafin rufe shi a 2011 yakan ba mutum guda kala 30 ko fiye a zama ɗaya. Amma abin lura a nan shi ne, a 2010, sa'ad da hukumar UNESCO ta sa liyafar Faransawa cikin jerin al'adun duniya na gado, ta ambaci haɗa abinci da giya a cikin abubuwan da suka sa liyafar ta zama liyafa. Watau ga masu wannan al'ada, giya tana cikin ginin tun daga tushe.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa Musulmi da wannan? Abin da ya haɗa su shi ne tafiya. Ɗan kasuwa yakan je sayen injuna, jami'in gwamnati yakan je taro, likita ko malamin jami'a yakan je ƙaro ilmi, in an gama magana sai masu masauki su ce yau za su karrama baƙonsu. Kuma da gaske karramawa suke nufi, domin a wurinsu babu abin da ya fi wannan tebur daraja, sun kuma kashe kuɗi da lokaci kafin su samu kujerun. Ban da haka, irin waɗannan gidaje sun daɗe da shigowa biranen Musulmi: a 2022 kaɗai littafin Michelin ya fara raba taurari a Dubai da Istanbul da Kuala Lumpur. To, ga mutum yana tsakanin alfarmar wanda ya gayyace shi, da cinikin da ya zo nema, da kuma addininsa.

Mutane da yawa, da jin labarin irin wannan gida, abin da ke fara tayar musu da hankali shi ne kuɗin, sai su yanke cewa wurin haramun ne tun daga ƙofa saboda almubazzaranci. Akwai gaggawa a cikin wannan hukunci. Alƙur'ani mai girma, a Suratul A'arafi aya ta 31, ya yi umurni da ci da sha, ya hana wuce iyaka, amma ayar da ke bi mata nan take ta ƙalubalanci duk wanda ya haramta ado da daɗaɗan abincin da Allah ya fitar wa bayinsa. Imam Gazali ya kawo a cikin Ihya'u labarin wasiƙar da Yahaya ɗan Yazidu Annaufali ya aika wa Imam Malik yana yi masa nasiha, cewa ya ji yana sa tufafi masu laushi, yana cin gurasar lallausan gari, yana zama a kan shimfiɗa mai taushi, ya kuma ajiye mai tsaron ƙofa, alhali kuwa mutane suna niƙo gari daga nesa su zo ɗaukar ilmi a wurinsa. Malik bai musa ba, bai kuma fusata ba. Ya amsa cewa lalle yana yin haka, yana kuma neman gafarar Allah, ya kafa hujja da wannan aya, sa'an nan ya yarda cewa barin abin ya fi shiga cikinsa. Bai haramta halal don ya faranta wa mai nasiha ba, bai kuma mai da ita abin alfahari ba. Kai, in ma ta ƙanƙantar loma ce da ci a natse, farantin waɗannan gidaje ya fi kusa da koyarwar raba ciki kashi uku, ɗaya ga abinci, ɗaya ga ruwa, ɗaya ga numfashi, bisa ga tiren wasu bukukuwa da ake ci har a kasa tashi, a zubar da saura a bola.

Duk da haka halal ba ta rasa hisabi. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya gamu da Jabir ɗan Abdullahi ɗauke da naman da ya saya na dirhami guda don sun yi marmari, sai Umar ya tambaye shi ko ɗayansu ba zai iya tsuke cikinsa saboda maƙwabcinsa ko ɗan baffansa ba, ya kuma tuna masa ayar Suratul Ahƙafi game da waɗanda suka cinye rabonsu na daɗi tun a duniya. Naman dirhami guda ke nan. Malamai sun ce abin da aka kashe a haramun ɓarna ne ko da kwabo ne, abin da aka kashe a halal kuwa ana auna shi da halin mai kashewa. Attajirin da ya fitar da zakkarsa, ya sauke haƙƙin iyalinsa da danginsa, in ya ci irin wannan abinci sau ɗaya a tafiya, babu mai ikon ce masa ya yi saɓo. Wanda bashi ke wuyansa, ko ma'aikatansa suna bin sa albashi, hukuncinsa dabam. Mafi tsanani shi ne jami'in da zai zauna a wannan tebur da kuɗin baitulmali, ya rubuta shi cikin kuɗin tafiya. Wannan tun kafin a kawo farantin farko lissafinsa ya ɓaci.

Maganar tambulan ita ce mafi sauƙi, ba ta bukatar dogon bayani. An haramta giya mataki mataki, daga Suratul Baƙara aya ta 219, zuwa Nisa'i aya ta 43, har Ma'ida aya ta 90 ta rufe ƙofa, mutanen Madina suka kwarar da tulunansu a kan hanya, kamar yadda Anas ɗan Malik ya ba da labari. Sai dai irin wannan gida yana da wata dabara da mashaya ba ta da ita. A nan babu hayaniya, babu tangaɗi, ba a ma kiran abin da ake yi sha, ana ce masa ɗanɗano, ana magana a kansa kamar yadda ake magana a kan turare ko doki. Sai Shaiɗan ya raɗa wa mutum cewa kurɓi ɗaya na ilmi ba ɗaya yake da shan mashaya ba. Amsar tana cikin hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai nuna cewa duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Lissafi ma ya ƙaryata wannan raɗa. Kowane zubi yakan kai mililita 75 zuwa 90, kwalbar giyar inabi kuwa mililita 750 ce. Wanda ya ɗanɗana sau takwas ko tara ya kusa shanye kwalba guda.

Inda maganar ta yi zurfi shi ne tukunya. Musulmi da yawa sukan kife tambulan, su nemi ruwa, su ci abinci da kwanciyar rai, ba su san giyar da suka kora ta ƙofa ta shigo ta kicin ba. Kukun Faransa in ya soya nama ya tsame, sai ya kwarara giya a cikin kaskon don ta narkar da ƙanzon da ya kama, da wannan yake haɗa miya. Farar miyar man shanu da ake zuba wa kifi, da farar giya ake fara ta. Suna da zakaran da ake dafawa cikin jar giya, da naman sa irin na yankin Burgandi, da kayan zaƙin da ake jiƙawa da barasar rake. Girkin Japan ma yana amfani da giyar shinkafa a miya da romo. In aka tambaya, amsar da aka saba bayarwa ita ce wuta ta ƙone barasar. Gaskiya ne sinadarin da ke sa maye yana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai 100, amma in sun gauraya ba ya fita gaba ɗaya. Wani binciken da masana daga jami'ar Idaho da ta Jihar Washington suka yi tare da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, aka buga a 1992, ya nuna cewa abincin da aka cinna wa wuta a kasko yana riƙe kimanin kashi 75 cikin 100 na barasar da aka zuba masa. Wanda ya dahu minti 15 yana riƙe kashi 40, na awa guda kashi 25, har na awa biyu da rabi ma akwai sauran kashi 5.

Ko da a ce babu ɗigon da ya rage, fiƙihu yana da wata magana. Mafi yawan malamai suna ɗaukar giya najasa ce, kuma Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa abinci mai ruwa yana najastuwa da najasa kaɗan ko da shi yana da yawa, naman da aka dafa da najasa kuma ba ya tsarkakuwa. Akwai waɗanda suka saɓa, kamar Rabi'atu, malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'adu na Masar, waɗanda suka ce jikin giya ba najasa ba ne. Amma su ma ba su halatta a sha ta ba, saɓaninsu a kan tufar da ta zuba a kai ne da makamancin haka. Kada kuma a rikita wannan da ruwan khal, watau giyar da ta juye ta zama tsami, maye ya fita daga cikinta ɗungum. Wannan ta canja suna da hali, Malikawa suna ganin ta tsarkaka, Annabi kuma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi khal a hadisin Muslim. Miyar da aka yi da khal dabam, wadda aka yi da giya dabam. Bayan wannan ga kitsen alade da akan naɗe naman tsuntsu da shi don kada ya bushe, ga jelatin da ke daskarar da kayan zaƙi, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samo shi, ga kuma batun yanka, wanda malaman zamani suka yi saɓani a kansa game da mahautan Turai duk da halaccin abincin Ahlul Kitabi a Ma'ida aya ta 5.

Daga nan ne ake gane ainihin matsalar. A gidan abinci na yau da kullum mutum yana karanta takarda, ya tsallake abin da yake shakka, ya nemi gasasshen kifi da dankali, ya tashi lafiya. Wannan gida kuwa an gina shi ne a kan baƙo ya miƙa wuya. Daɗinsa duka yana cikin rashin sanin abin da zai zo. Japanawa ma suna kiran nasu omakase, watau na bar maka zaɓi. Loma guda tana iya ƙunsar abubuwa goma sha, an niƙa wasu, an tace wasu, an mai da wasu kumfa, ido ba ya gane su, harshe ma ba ya rarrabewa. Mutum yana iya bar wa gwani zaɓin ɗanɗano, kamar yadda yake bar wa tela ɗinki, amma ba kuku za a tambaya ba ranar da za a tambayi abin da ya shiga cikin wane. Samarin Kogo, bayan dogon barcinsu, ga yunwa ga tsoron a gano su, da za su aiki ɗayansu gari da azurfarsu sai da suka ce ya duba abincin da ya fi tsarki. Sayyidina Abubakar ya ci abin da yaronsa ya kawo masa, da ya ji cewa ladan duba ne na zamanin jahiliyya, sai ya sa hannu a baki ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Kuma mutumin nan da hadisin Muslim ya siffanta, mai ɗaga hannu sama yana roƙo ba a amsa masa saboda cinsa da shansa haramun ne, matafiyi ne da ya yi doguwar tafiya.

Wani zai ce ai addini bai ɗora wa kowa binciken ƙwaƙwaf ba, ya kuma kawo hadisin Nana A'isha, inda aka tambayi Annabi game da naman da wasu mutane ke kawowa ba a san ko sun ambaci sunan Allah ba, ya ce su ambata su ci. Hadisin ingantacce ne, kuma magani ne ga masu waswasi. Sai dai masu kawo naman nan Musulmi ne sababbin shiga, asalin abinsu halal ne, shakka ce ta gifta. Gidan da kowa ya san giya tana cikin tukunyarsa kamar yadda daddawa take cikin miyar kuka, wanda ya ƙi tambaya a can ya san amsar da yake gudu.

Abin mamaki kuwa, babu inda tambaya ta fi sauƙi kamar a irin waɗannan gidaje. Tun ranar kama wuri su da kansu suke tambaya ko akwai abin da baƙo ba ya ci. Tun watan Disamba na 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya karɓa, kamar gyaɗa da madara da ƙwai da riɗi. Giya da alade ba sa cikin jerin a matsayinsu na giya da alade, saboda haka sai mai bukata ya buɗe baki. Baturen da gyaɗa ke kumbura wa maƙogwaro yana faɗa ba tare da sunkuyar da kai ba, wadda ta bar cin nama don tausayin dabbobi ita ma tana faɗa da alfahari, kicin kuma ya sake musu tsari, domin kukun da ya isa kuku yana ɗaukar wannan gwajin gwanintarsa ne. Gidaje da yawa ma, irin su Noma na Kofanhagen, sun yi suna wajen haɗa abinci da ruwan 'ya'yan itace maimakon giya, ko da yake a nan ma sai an tambaya, don wasu abubuwan shan tsimammu ne. A cikin dukan masu uzuri, Musulmi ne kaɗai akan samu yana jin nauyin faɗar nasa. Ba kwaɗayi ke kayar da yawancin mutanen kirki a wannan tebur ba, kunya ce, kada a ce ba su waye ba, kada mai masauki ya ji babu daɗi. Kunya reshe ce ta imani, amma wadda ta hana mutum cewa ba ya cin haramun ta bar reshenta. Kuma wanda ya faɗa tun makonni biyu kafin ranar ya kyauta wa mai masaukinsa fiye da wanda ya bari sai an ajiye faranti ya fara ture shi gefe.

Saura tebur kansa. A ce an gyara wa Musulmi abincinsa tsaf, an ba shi ruwan tuffa, amma abokan zamansa shida kowa da jerin tambulansa. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir hanin da Annabi ya yi wa mai imani da Allah da Ranar Lahira ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ma a Risala ya ɗaure amsa gayyatar walima da sharaɗin kada a samu abin ƙi bayyananne a wurin. An kuma ruwaito cewa an kawo wa Umar ɗan Abdul'azizi wasu mutane da aka kama suna shan giya, aka ce masa ɗayansu mai azumi ne, bai sha ba, sai ya hukunta shi tare da su, ya kafa hujja da Nisa'i aya ta 140. Hikimar ba ɓoyayya ba ce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A wannan tebur giya ita ce abin hira, mai zuba ta yana yi wa kowa jawabi har da wanda ba ya sha, ana shinshinawa, ana yabawa, ana ɗaga kofi don yi wa ciniki fatan alheri. Mai ruwan tuffa zai yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya ɗaga nasa. A zama na farko zuciyarsa tana ƙyama, a na biyar ya san sunayen gonakin inabi, har yana ba wani shawara.

Malamai sun bambanta tsakanin teburin da mutum yake kai da sauran teburan da ke cikin ɗakin. Lafazin hanin a kan na farko ya sauka, na biyu kuwa da yawa sun sassauta wa mazaunin ƙasar da da wuya a sami gidan abinci marar giya, in bukata ta kama. Wasu daga malaman zamani sun kuma duba halin ƙaramin ma'aikacin da shugabansa ya ja shi liyafar aiki, ba shi ya zaɓi wuri ba, ƙin zuwa kuma zai iya raba shi da abin da yake ciyar da iyalinsa. Irin wannan ya je yana mai ƙi da zuciya, ya taƙaita zama gwargwadon iko, in aka kawo abin da yake shakka ya bar shi ba tare da kushewa ba, domin Annabi bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Amma rangwamen yaron gida ba na maigida ba ne. Attajirin da ake zawarcin sa hannunsa, ko shugaban tawagar da aka shirya liyafar dominsa, kalma ɗaya daga sakatarensa ta isa a mai da zaman na rana da shayi, ko a bar kwalabe a rumbunsu. A watan Janairu na 2016 shugaban Iran Hassan Rouhani ya ziyarci Italiya da Faransa. A birnin Rum an karɓe shi ba tare da giya a tebur ba. A Faris kuwa jaridu sun ba da labarin cewa an fasa cin abinci da Shugaba Hollande, domin masu gida sun ce al'adarsu ba ta san liyafa babu giya ba, baƙi kuma sun ce ba za su zauna ba. Kowa ya tsaya a kan nasa, aka gana ba tare da abinci ba, aka kuma sa hannu a kan yarjejeniyoyin ciniki, har da ta sayen jiragen Airbus.

Akwai kuma abin da ake mantawa, watau salla. Ayar Ma'ida ta 91 ta ambaci cewa Shaiɗan yana nufin ya kange mutane daga ambaton Allah da salla ta hanyar giya da caca. A tsakiyar bazarar Turai rana ba ta faɗuwa a Faris sai wajen ƙarfe goma saura na dare. Wanda ya zauna ƙarfe takwas, Magariba za ta same shi a kala ta biyar ko ta shida, kicin kuwa yana tafiya da agogo, ba a son kowa ya tashi. Gaskiya ne an yi izinin gabatar da abinci in an ajiye shi lokacin salla, amma don zuciya ta natsu ne, ba don lokaci ya fita ba. Matafiyi yana da sauƙin haɗa Magariba da Lisha bisa sharuɗɗan da malamai suka faɗa. Mazaunin gari ba shi da wannan, sai ya san tun kafin ya shiga inda zai yi alwala da inda zai kai goshinsa ƙasa.

Daga ƙarshen dare akan kawo takardar kuɗi a cikin ɗan faifai. In Musulmi ne mai gayya, giyar da baƙinsa suka sha tana cikin abin da zai biya, hadisin da ya lissafa mutum goma da aka la'anta game da giya kuwa ya ambaci mai sayenta da wanda aka saya wa, kamar yadda ya ambaci mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Ba a karrama baƙo da abin da mai gida ba shi da ikon saye. In kuwa abokai ne suka ce a raba kuɗin daidai wa daida, kamar yadda Turawa suka saba, to rabon mai ruwan tuffa ya haɗa da wani kaso na kwalaben da bai taɓa ba, kuma ba ƙaramin kaso ba ne, tun da gidajen nan sukan sayar da giya ninki biyu ko uku na kuɗinta a kanti, daga nan ne babban rabo na ribarsu ke fitowa. Sai ya nemi a ware masa lissafin abincinsa shi kaɗai, ma'aikatan wurin sun saba da haka, ba ya ɗaukar su minti biyu.

Allah shi ne mafi sani.